Rufe wuraren wasa ba shi ne magani ba

Wani labari ya ce an samu ƙwan tsutsar ciki a ƙasar wuraren shaƙatawa na birane, har wasu na kira a rufe su. Ni dai ban goyi baya ba. Daga kashin karnuka da kyanwoyi ƙwan wannan tsutsa, mai suna Toxocara, ke fitowa, yana kuma iya daɗewa a ƙasa mai danshi har fiye da shekara. Yaro ya yi wasa da rairayi, ya kai hannu baki, shi ke nan ya haɗiye. Wani lokaci tsutsar kan kai har ido. Laifin wurin ne? A ba dabbobi maganin tsutsa, masu su su riƙa kwashe kashinsu, a killace filin yara, a sa famfo da sabulu a bakin ƙofa. In an rufe, ai titi yaran za su koma.