Masu jiran faɗuwar ɗan'uwa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Akwai wata ƙungiyar ƙwallon besbol a Amurka, irin wadda ake dukan ƙwallo da sanda ɗin nan, sunanta White Sox ta birnin Shikago. A kakar 2024 sun buga wasa 162, aka cinye su a 121, guda 41 kacal suka ci, har akwai lokacin da suka jera wasa 21 kullum kashi suke sha, a watan Agusta aka sallami kocinsu Pedro Grifol amma ba ta canza zani ba.

To ni ba shan kashin ne ya tsaya min a rai ba wallahi, halin ƴan kallo ne. Da aka zo wasannin ƙarshe na gida sun riga sun faɗi sau 120, daidai da abin da ƙungiyar New York Mets ta yi a 1962, wato in aka ƙara cinye su sau ɗaya sun zarce ta a yawan shan kashi, sai wasu magoya bayansu suka zo fili don kawai su ga an kafa tarihin kunya a gabansu, yaran suka dage suka cinye ƙungiyar Angels sau uku a jere, wasu a cikin ƴan kallon har ihun haushi suke wai don me aka ci. Naka ne fa, rigarsa ce a jikinka.

Mu duba zukatanmu don Allah, ba haka muke ba? Ɗan'uwa jarinsa ya karye ko aurensa na tangal-tangal, ka kira shi wai jaje, alhali so kake ka ji ya ƙarasa rushewa ka samu na kaiwa majalisa, in ya fara farfaɗowa kuma sai ka ji wani abu ya tokare maka ƙirji. Wannan hassada ce da shamata, wato murna da masifar wani, a yi istigfari tun da wuri.

Bayan abin da ya samu Musulmi a Uhudu Allah Ya ce, wa tilkal ayyamu nudawiluha bainan nas, kwanakin nan Muna jujjuya su ne tsakanin mutane, Ali Imrana aya ta 140. White Sox ɗin nan su suka ɗauki kofin World Series, wato babban kofin gasar, a 2005, lokacin kowa nasu ne. Mets kuwa da aka mayar abin dariya a 1962, shekarar 1969 kofin a hannunsu ya kwana.