Nasiha ga mai shiru-shiru da ke son canza aiki

Assalamu alaikum, 'yan'uwa matasa maza da mata.

Kusan kowace ma'aikata tana da irinsa: ya fi kowa riƙe aikinsa, amma in an zauna taro ba a jin muryarsa, sai an tashi ya ja abokinsa gefe ya faɗa masa abin da ya kamata ya faɗa a gaban kowa. Aikin ya ishe shi, albashi ba ya kai shi ƙarshen wata, ya hango fannin da yake son komawa, amma shekara ta zagayo yana nan yana "shiri". Da kai nake, ɗan'uwa, da ke, 'yar'uwa. Zan yi misali da malamin sakandare ko ma'aikacin ofis mai son komawa aikin nazarin bayanai, wato tantance alƙaluma a kwamfuta don a gano abin da suke nunawa, amma maganar ta hau kan kowane fanni.

Akwai abubuwa biyu da ka cakuɗa. Son kaɗaici hali ne: hayaniya tana gajiyar da kai, ka fi sakewa kai kaɗai ko da mutum ɗaya. Wannan ba ciwo ba ne, kuma aikin da ke son dogon tunani irinka yake nema. Na biyun shi ne tsoron idon mutane: magana tana bakinka, ƙirji na dukan uku-uku, murya na rawa, sai ka haɗiye. Wannan ne yake cinye maka dama, kuma horo yana rage masa ƙarfi. Kada ka fake da addini. Gaskiya ne kunya tana daga imani, amma wadda ake nufi ita ce mai hana aikata abin ƙi. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yaba wa matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba, Mujahid kuma ya ce mai kunya da mai girman kai ba sa samun ilimi.

Mai jin nauyin mutane yana da wata hanyar gudu da take kama da himma, wato tara satifiket. Ya gama kwas ɗin Excel, manhajar jera alƙaluma da lissafi, ya faɗa na Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, ya yi rajistar 3MTT, shirin koyar da fasahar zamani da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, ya fara tambayar kuɗin digiri na biyu. Dalilin a fili yake: kwas ba ya yi maka tambaya a gaban jama'a, ba ya kuma ce maka "ba mu ɗauke ka ba". Ka duba kanka da kyau. In ka yi wata shida kana karatu ba ka yi magana da ko mutum ɗaya mai yin aikin ba, ɓuya kake yi.

Ga yadda ake yanke wannan. Zaɓi muƙami ɗaya tak, misali jami'in bayanai, ko jami'in sa ido kan ayyuka a ƙungiyoyin agaji. Tattara tallan aiki 20 na wannan muƙamin, ka rubuta duk abin da suka ce suna so, ka ƙirga. Abin da ya fito a fiye da rabinsu shi za ka koya, sauran su jira. A wannan fannin yawanci za ka tarar da Excel, sai SQL na zaƙulo bayanai daga rumbunsu, sai Power BI na nuna su a zane, a ƙungiyoyin agaji kuma KoboToolbox na tattara bayanai da waya. Ka bi su a jere, kada ka haɗa uku a lokaci guda. Awa ɗaya da rabi bayan Asuba ko bayan Isha'i, kwana 5 a mako, wata 6, ya kai kusan awa 200, kuma ya isa ka fara neman ƙaramin muƙami. Fannonin da ke da hukuma a kansu nasu daban ne: akanta sai ta ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, ICAN ko ANAN, mai son shiga koyarwa kuma da digirin da ba na ilimi ba sai ya yi PGDE, difilomar koyarwa ta bayan digiri, wanda Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna ma tana yi, sannan ya yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai.

Tun daga wata na uku ka fara haɗa abin nunawa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da farashin kayan abinci wata-wata. Ɗauko na shekara biyu, ka kwatanta farashin wake ko shinkafa a Arewa maso Yamma da sauran shiyyoyi. Malami yana da sakamakon jarrabawar ɗalibai, amma sai da izinin shugaban makaranta, kuma a cire sunaye, don akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023. Kowane aiki ya tsaya a shafi ɗaya: tambayar da ka yi, abin da ka gano, shawarar da ka bayar. Uku sun wadatar. Amfaninsu gare ka ya wuce na kowa, saboda mai shiru-shiru ba ya iya hira a kan kansa, amma in aka sa aikinsa a tsakiya sai bakinsa ya buɗe.

Yanzu ga inda ake gudu: tuntuɓar mutane. Wani masanin zamantakewa a Amurka, Mark Granovetter, ya nuna a 1973 cewa labarin aiki ya fi zuwa wa mutum ta hannun waɗanda ya sani sama-sama, ba aminansa ba, domin abin da amininka ya sani kai ma ka sani. Ke nan ba sai ka zama ɗan majalisar hira a kowace unguwa ba. Wanda kuka yi hidimar ƙasa tare, yayar abokin karatunka, wanda kuke haɗuwa a sahu ɗaya a masallaci, su ake nema. Mutum biyu a mako, ta saƙo, wanda ya fi maka sauƙi. Misali:

"Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki. Ni abokin karatun ƙaninki ne, ina koyar da lissafi a Zariya. Ina koyon nazarin bayanai, ga wani ɗan aiki da na yi kan farashin wake. In da hali, ina roƙon minti 15 ta waya ranar da ba ki da uzuri, in yi miki tambayoyi uku kan yadda aikin yake. Na gode."

Ka lura ba a roƙi aiki ba. Wanda ka roƙa aiki, in ba shi da shi sai ya ji nauyi ya daina ɗaga wayarka. Wanda ka roƙa shawara yana da ita a hannu. Abubuwan da ke kashe irin wannan saƙo sanannu ne: a rubuta "Salam" a yi shiru ana jiran amsa, ko a tura saƙon murya na minti biyar, ko a ce "a taimaka min da aiki ko wane iri ne". Na ƙarshen ya fi muni, don yana nuna ba ka san abin da kake so ba. Da yawa ba za su amsa ba, kuma ba raini ba ne, hidima ce ta yi musu yawa. Ka sake tuntuɓa sau ɗaya bayan mako guda, daga nan ka wuce. Wanda ya ba ka lokaci, ka rubuta tambayoyinka a takarda, ka tsaya a minti 15 ɗin da ka nema, ka rufe da "wa kuma kike ganin ya kamata in tuntuɓa?"

Shi kuwa tsoron, masana halayyar ɗan Adam da tunkara a hankali suke maganinsa. Rubuta abubuwa goma da kake gudu, ka ba kowanne maki daga 0 zuwa 10 gwargwadon fargabar da yake sa ka. Kiran waya maimakon saƙo wataƙila 3 ne, yin tambaya a taron ofis 5, gabatar da rahoto na minti biyar 8. Fara da na 3 ko 4, ka maimaita shi sau da yawa a mako har makinsa ya sauka zuwa rabi, sannan ka hau na gaba. Kuskure biyu ake yi. Wani ya yi zuciya ya faɗa kan na 9, ya sha wuya, ya ce dama na sani. Wani kuma yana yi amma da dabarun kariya: zaman layin baya, duba waya, haddace magana kalma bayan kalma. Muddin kana riƙe da su, zuciyarka za ta ce su suka tsirar da kai, tsoron ba zai ragu ba. Maimakon haddacewa, rubuta kanun magana uku kawai. A taro kuma ka yi magana cikin minti goma na farko, ko da tambaya ce, domin jira yana ƙara wa fargaba nauyi. Kafin ka fara, shaƙi numfashi daƙiƙa 4, ka sake shi a daƙiƙa 6, sau biyar.

Kuma mutane ba sa kallonka yadda kake zato. A wani gwaji da aka wallafa a shekarar 2000, an sa ɗaliban jami'ar Cornell ta Amurka riga mai hoton da suke jin kunyarsa, suka shiga ɗaki cike da 'yan'uwansu. Sun zaci kusan rabin mutanen sun lura, ashe wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne. Rawar muryar da ta hana ka barci, yawancin mahalarta taron ba su ma ji ta ba.

In kuwa abin ya kai ga ba ka iya cin abinci a gaban mutane, ko kana fashin aiki don gudun taro, kuma ya haura wata shida, wannan ya wuce nasiha. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano, da asibitocin tarayya na wannan fanni a Kaduna, Kware da Maiduguri. Ana warkewa, kuma zuwa can ba hauka ba ne.

Ranar ganawar ɗaukar aiki tarbiyyarmu kan yi mana cikas. An koya mana sunkuyar da kai a gaban babba, an ce yabon kai jahilci. Masu tantancewa kuwa, in ka sunkuya, rashin tabbas suke gani; in ka ce "mun yi", ba su san wanne ne naka ba. Kalli mai tambaya ka ce "na yi". Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ce wa sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa don shi mai tsarewa ne, masani. Faɗin abin da ka iya a inda ake buƙatarsa ba alfahari ba ne. Shirya labarai biyar daga tsohon aikinka, kowanne ƙasa da minti biyu: matsalar da aka shiga, abin da ka yi, abin da ya biyo baya, da lamba in akwai. Ɗauki muryarka a waya ka saurara, ko da ba za ka ji daɗinta ba. Za a tambaye ka me ya sa kake barin koyarwa. Jumla uku sun isa, kuma kada ka zagi tsohon wurin aikinka. In tambaya ta yi nauyi, ka ce "a ba ni ɗan lokaci in yi tunani". Shiru na daƙiƙa biyar ba ya kayar da kowa.

Kada ka saki reshe ka kama ganye. Ba a ajiye aiki sai takardar ɗauka ta shigo hannu, ba alkawarin baki ba, kuma da ajiyar da za ta riƙe gida aƙalla wata shida, don sau da yawa mai canza fanni daga ƙaramin mataki yake farawa, ayyukan ƙungiyoyi kuma kwantiragi ne mai ƙarewa. Mai iyali ya zauna da iyalinsa a yi lissafin tare. Karanta takardar ɗaukarka ta yanzu ka ga wa'adin sanarwa. Dokar Ƙwadago ta sa mako biyu ga wanda ya yi shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai biyar, amma yarjejeniyarka na iya neman fiye. In ma'aikata ce ta biya maka karatu, duba ko akwai sauran shekarun da ka sa hannu za ka yi mata. Ma'aikacin gwamnati ya tambayi hutun karatu ba albashi kafin ya yi tunanin ajiyewa, ya kuma tuna tsarin mulkin 1999 ya hana shi gudanar da kasuwanci na kansa yana bakin aiki, in ban da noma. Asusun fanshonka, in kana ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, naka ne, yana bin ka sabon wuri. Dokar ta ba da damar cire kashi 25 cikin ɗari na kuɗin asusun bayan wata huɗu ba aiki, amma kada ka sa shi a lissafin jari, kuɗin tsufanka ne. Wasu jihohi nasu tsarin daban ne, sai ka tambayi ofishin fansho.

In Allah Ya sa ka samu, watanni uku na farko su ake auna ka da su. A mako biyu na farko ka nemi kowane abokin aiki shi kaɗai, minti goma, ka tambaye shi me yake yi, kuma wane bayani yake buƙata daga wurinka. Ka nemi a turo maka ajandar taro tun ana gobe za a zauna, ka shigo da abu ɗaya da za ka faɗa. Bayan dogon taro ka ware minti 20 kai kaɗai kafin ka koma kan aiki. Duk ranar Juma'a kafin a tashi, ka tura wa shugabanka layi biyar: abin da ka gama, abin da ya tsaya da dalilinsa, da abin da za ka kama ranar Litinin.