Libya ce ta ɓata wa dokar kare fararen hula suna

Ranar 17 ga Maris, 2011, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙuduri mai lamba 1973 a kan Libya, wanda ya ba da izinin amfani da ƙarfin soja don kare fararen hula. Ƙasashe 10 suka ɗaga hannu, har da Najeriya da Afirka ta Kudu da Gabon. Rasha da Sin da Jamus da Indiya da Brazil suka ƙaurace wa ƙuri'ar. A lokacin tankokin Gaddafi suna bakin Benghazi, shi kuma ya riga ya yi barazanar bin 'yan tawaye gida-gida.

Ban ga laifin waɗanda suka ɗaga hannu ba. Tabon Ruwanda bai warke ba, inda a 1994 aka kashe mutum kusan 800,000 cikin kwana 100, kwamitin nan kuwa ya rage dakarunsa zuwa 270 ana tsakiyar yanka. Kunyar hakan ce ta sa shugabannin duniya suka amince a 2005 cewa idan gwamnati ta kasa kare jama'arta daga kisan ƙare dangi, ko ita ce ma take kisan, nauyin ya koma wuyan sauran ƙasashe. Afirka ta riga su: sashe na 4(h) na dokar kafa Tarayyar Afirka ya ba da wannan dama tun 2000.

Matsalar ita ce abin da ƙungiyar tsaro ta NATO ta yi da izinin da aka bayar a kan Libya. An ce mata ta kare fararen hula, ba a ce ta kifar da gwamnati ba. Amma aka ba ta hannu ta zarce gwiwa. Aka yi watsi da shirin sulhun Tarayyar Afirka, jirage suka zama rundunar sama ta 'yan tawaye, har aka kashe Gaddafi a Sirte ranar 20 ga Oktoba. Daga nan kowa ya kama gabansa.

Mu mutanen yankin Sahel muka kwashi sauran. Rumbunan makamai suka zama na mai rabo ka ɗauka, bindigogi suka keto Sahara, arewacin Mali ya faɗi a 2012. 'Yan ci-rani da ke aiko wa iyalansu kuɗi daga Tripoli da Sabha suka dawo Agadez a bayan manyan motoci, wasu da katifa da jarka kaɗai.

Sai kuma Siriya. Duk lokacin da aka kawo ƙuduri mai ƙarfi, Rasha da Sin su hau kujerar na-ƙi, hujjarsu Libya. Hujjar tana da son kai a ciki, to amma wa ya miƙa musu ita?

A ganina maganin ba shi ne a jefar da ƙa'idar ba, don mutanen Darfur suna bukatarta yau. A watan Nuwamba na 2011 Brazil ta kawo shawarar cewa duk wanda aka ba izinin amfani da ƙarfi a riƙa sa masa ido, yana dawowa gaban kwamitin yana ba da bahasi. Aka tattauna, aka tashi, manyan ƙasashe ba su karɓa ba. Najeriya da ta ɗaga hannu a wancan zama tana da bakin da za ta sake taso da maganar.