Garin da aka kwashe wa ƙungiya aka bar shi da fili

Wani ɗan'uwa a zaurenmu na WhatsApp ya yanke hukunci a makon jiya cewa ƙwallon ƙafar gida Najeriya ba za ta gyaru ba sai gwamnatoci sun sakar wa 'yan kasuwa ƙungiyoyi, wai kamar yadda ake yi a Amurka. Maganar ta tsaya mini a rai, domin masu irin wannan faɗa manyan ƙungiyoyin talabijin kawai suka sani. Su zo su ji yadda ta kaya a Oneonta.

Oneonta ƙaramin gari ne cikin tsaunukan jihar New York, mutanensa ba su kai 15,000 ba, kusa da Cooperstown inda gidan tarihin besbol yake. Besbol shi ne wasan nan da ɗaya ke jefa 'yar ƙwallo mai tauri, ɗaya ya maka mata kulki ya ruga ya zagaye tashoshi huɗu. A 1966 magajin garin, Sam Nader, da abokinsa Sid Levine da wasu 'yan gari suka kawo ƙungiya daga Wellsville. Shekara ɗaya suka yi ƙarƙashin Boston Red Sox, daga 1967 zuwa 1998 kuma suka zama Oneonta Yankees, wato gandun renon New York Yankees.

Ga yadda tsarin yake. Babbar ƙungiya ce ke ɗauko yaran, ta biya albashinsu da na masu horarwa, ta ɗauke wanda ta ga dama ko da tsakiyar kaka ne. Mai ƙungiyar gari kuwa nasa fili ne da fitilu da ciyawa da motar tafiya. Gasarsu ta New York-Penn a wancan lokacin gajera ce, daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Satumba, wasa 76, rabi a gida. Ke nan duk kuɗin shekara daga dare 38 zai fito: tikiti, allunan talla a jikin shinge, da abin ci da sha. Ruwan sama ya cinye maka dare huɗu, ka shiga uku. A nan Amurka giya ce ke riƙe da ƙananan filaye da yawa, amma Nader ya ƙi sayar da ita a filin wasansu na Damaschke, don iyali su zo da yaransu hankali kwance. Wannan kam na sara masa.

Kuma ba a ce ƙungiyar ta gaza ba. Sau 12 ta ci kofin gasar. Don Mattingly ya buga a nan a 1979, John Elway a 1982 kafin ya koma ƙwallon Amurka ya yi suna, Jorge Posada da Andy Pettitte a 1991. Duk da haka a 1999 Yankees suka mayar da gandunsu Staten Island, kusa da gida, wurin jama'a da kuɗi. Oneonta ta koma hannun Detroit Tigers. Tun yarjejeniyar da suka ƙulla da ƙananan ƙungiyoyi a 1990, manyan ƙungiyoyi suka gindaya sharuɗɗa kan hasken fili da ɗakunan canza kaya, tsofaffin filayen ƙananan garuruwa kuwa nan suka fara haki. Nader da Levine suka tsufa, suka sayar a 2008. A kakar 2009 'yan kallo ba sa kai 1,000 a wasa. Da aka samu filin da ba mai amfani da shi a Norwich ta jihar Connecticut, sababbin masu ita suka tattara suka tafi a 2010. Ba su karya doka ba, kayansu ne. Norwich ɗin ma ba ta daɗe tana murna ba: a 2020 aka rage ƙananan ƙungiyoyi daga 160 zuwa 120, aka rushe gasar New York-Penn gaba ɗaya.

Yanzu 'yan jami'a ne ke bugawa a Damaschke lokacin hutu, da sunan Outlaws. Ciyawa tsaf, layuka fari tas, tsofaffi da huluna suna rubuta sakamako a takarda, kowa ya tafa a hankali ya tafi gida da wuri.

Na san namu ba a yabo. Ana bin 'yan wasa albashi, gwamna ya sauka a rushe shugabanni, alƙalin wasa ya sha duka. Mu ma mun binne ƙungiyoyi, ina Raccah Rovers da ta ci kofi a 1978? Amma faɗuwar Pillars a 2022 ba mutuwa ba ce, shekara ta zagayo ta dawo, domin a tsarinmu wanda ya faɗi yana iya hawa da ƙafarsa. A tsarin Amurka babu hawa babu sauka, sai wanda ofis ya zaɓa. Kuma wane attajiri ne zai tashi da safe ya ce ya mayar da Sai Masu Gida Fatakwal saboda can tikiti ya fi tsada? Ya fara gwada fitar da motar daga Ƙofar Mata tukuna.

Mu da muke nan mun cika saurin raina abin da muka baro. Mutum ya shekara goma bai ji ƙarar ganga a filin wasa ba, bai sha rana a layin tikiti da 'yan unguwarsu ba, sai ya zauna cikin ɗaki mai na'urar ɗumi yana tsara wa Kano yadda za ta sayar da ƙungiyarta. Kuɗin jirgin zuwa kallon wasa ɗaya ma ba zai biya ba.