Lasisin tuƙi ne fa, ba hoton biki ba

Don Allah jama'a, a bar mu mu huta da zancen hoton lasisi. Tun shekaranjiya wani ɗan'uwa direban tasi a nan unguwar Bronx ta birnin New York ya sabunta nasa, ya ɗora mana a zauren WhatsApp yana kuka wai an mayar da shi kamar gawa. Shi ke nan kowa ya zaro nasa. Wannan ya ce an ƙara masa shekara goma, wancan ya ce kamar wanda 'yan sanda ke nema. Saƙo ya fi ɗari, wayata sai kuka take ina kan titi da fasinja.

To Malam, ina kake tun 2013? Tun lokacin jihar New York ta koma hoto baƙi da fari. Ba bugawa ake yi a saman katin ba, da hasken leza ake ƙona shi a cikin jikin wata roba mai tauri, don kada ɗan damfara ya kankare fuskarka ya manna tasa. Jefa katin a kan tebur ka ji ƙararsa, kamar faifan CD.

Abin haushin ma, na tambayi direban nan ko nasa na da tauraro a kusurwar sama, alamar REAL ID, wato katin shaida mai cika ƙa'idar gwamnatin tarayya, da aka fara nema a filayen jirgin Amurka tun 7 ga Mayun 2025. Wallahi bai ma duba ba. Gemunsa kawai yake kallo.