Ƙwallayen da ke ƙasan kofin ba roba ba ne, rogo ne

Duk wanda ya fara shan shayin nan da ake kira bubble tea ko boba, abin da yake fara ɗaure masa kai shi ne baƙaƙen ƙwallayen da ke kwance a ƙasan kofi. Na sha jin mutane na cewa roba ce, wasu ma su ce ƙwan kwaɗo ne. Ko ɗaya ba haka ba ne.

Da sitacin rogo ake yin su, rogon da Najeriya ta fi kowace ƙasa nomawa a duniya. Ana kwaɓa sitacin da ruwan zafi, a mulmula shi ƙanana, a dafa har ya yi danƙo, sannan a jiƙa shi a ruwan sukari mai ruwan ƙasa. Sitacin fari ne tas. Sukarin ne, ko launin abinci, ke ba shi wannan duhun.

Shayin ya samo asali ne daga Taiwan a shekarun 1980. Shaguna biyu, Chun Shui Tang a birnin Taichung da Hanlin a Tainan, kowanne na cewa shi ya ƙirƙiro shi.

Abin da ya kamata a yi hattara da shi daban ne. Sukarin yana da yawa, don haka a nemi mai shago ya rage. Kuma kada a ba ƙaramin yaro, domin ƙwallon na iya maƙale masa a maƙogwaro idan ya zuƙo shi da ƙarfi ta faffaɗan tsinken da ake shan shayin da shi.