Maginin da bakin mutane ya riga shi shiga gidan da ya gina

Duk wanda ya taɓa ganin hoton birnin Biyenna na ƙasar Ostiriya, da wuya bai ga gidan opera ɗinsu ba, wato babban zauren da ake wasan kwaikwayo cikin waƙa. Yau baƙi layi suke yi su ɗauki hoto a gabansa. Amma mutum biyun da suka zana shi, babu wanda ya ga ranar buɗe shi a cikinsu. Wannan labari ya daɗe yana cin raina.

Sunan na farko Eduard van der Nüll, haifaffen Biyenna ne a 1812. Abokinsa August Sicard von Sicardsburg, shi an haife shi a 1813. Tare suka yi karatu, tare suka zaga Italiya da Faransa da Ingila suna kallon gine-gine, daga baya duka biyun suka zama malamai a makarantar koyar da zane da gini ta birnin. Rabon aikinsu kamar na 'yan uwa a gona ɗaya: Sicardsburg shi ne mai lissafi da tsarin gini da hulɗa da jama'a, van der Nüll kuma mai ado, mutum ne shiru-shiru da hankalinsa ke kan ƙawar bango da rufi da matattakala. Sun zana gidan wasa na Carltheater, suna kuma da hannu a babbar ma'ajiyar makamai ta birnin. Cikin ɗalibansu har da Otto Wagner, wanda daga baya ya sauya fuskar Biyenna.

A 1857 Sarki Franz Joseph ya ba da umarni a rushe ganuwar birnin, a shimfiɗa faffaɗan titi a gurbinta, titin da ake kira Ringstrasse. Aka sa gasar zanen gidan opera da za a gina a bakin titin, abokan nan suka cinye, aka fara gini a 1861.

To ga inda gizo ke saƙa. Bayan an riga an kafa tushe, sai aka ɗaga titin da ke gaban ginin da kusan mita ɗaya. Masu zanen ba su suka ɗaga titi ba. Amma da titi ya hau, ginin ya koma kamar ya durƙusa, ya rasa tudun da ya kamata ya tsaya a kai. Nan take mutanen gari suka laƙaba masa suna: akwatin da ya nutse. Da masarautar Furushiya ta yankin Jamus ta lallasa Ostiriya a yaƙin Königgrätz a 1866, sai aka ƙara masa wani sunan, wai shi ne Königgrätz ɗin gine-gine. Ku duba fa, ƙasa ta sha kashi a fagen fama, ta rasa inda za ta huce, sai ta huce a kan ginin da ba a gama ba. Jaridu suka ɗauka, masu zaman shan kofi suka ɗauka, har aka ce Sarki da kansa ya nuna bai gamsu ba.

A watan Afrilun 1868 van der Nüll ya kashe kansa, ya bar matarsa da tsohon ciki. Kimanin mako goma bayan haka Sicardsburg ya rasu, rashin lafiya ta ci ƙarfinsa. Ranar 25 ga Mayun 1869 aka buɗe gidan, Sarki na zaune.

Ba zan ce zagi kaɗai ne ya kashe van der Nüll ba, don dama yana fama da rashin lafiya, kuma abin da ke cikin zuciyar ɗan Adam Allah kaɗai ya sani. Amma ina da ja da irin sukar da aka yi masa. Wanda ya ce ginin ya yi ƙasa bai yi ƙarya ba, ido ya gani. Abin da ba a yi ba shi ne tambayar wa ya ɗaga titin. Laifin wani ofishi ne, amma ofishi ba shi da fuska, magini kuwa yana da suna da gida da mata. Kuma duk wannan hukunci daga waje aka yanke shi, tun kafin kowa ya taka matattakalar ciki ya ga adon da mutumin ya ƙare ƙarfinsa a kai. Mukan yi haka har gobe: mu ga katanga rabi, mu gama yi wa magini shari'a a waya, barkwancin ya fi gaskiyar saurin gudu.

Abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne abin da ake cewa ya biyo baya. Wai mutuwar ta girgiza Sarki ƙwarai, har daga ranar ya daina faɗin ra'ayinsa kan kowane aikin fasaha, duk abin da aka nuna masa sai ya ce ya yi kyau, ya ji daɗi. Mutane na ba da wannan a matsayin tausayi. Ni a wurina gudun nauyi ne. Mai sana'a ba yabon baki yake nema ba. Yana son wanda zai tsaya ya duba aikin da kyau, ya ce nan ka yi, nan kuma ba kai ba ne. Daga jifa zuwa tafi na ƙarya, duk ba a kalli ginin ba.

A watan Maris na 1945 jiragen yaƙin Amurka suka jefa wa gidan bam, wuta ta cinye zauren da dandamalin, amma gaban ginin da babbar matattakalar suka tsira. Jikokin masu cewa akwati ne, a lokacin da ƙasar ke fama da yunwa da mamaya, su suka dage sai an sake tayar da shi, aka buɗe a Nuwamban 1955. A unguwar Favoriten ta Biyenna kuma akwai tituna biyu kusa da juna, ɗaya da sunan van der Nüll, ɗaya da sunan Sicardsburg.